Tarihin Knock Ya Faro Ne Daga Bangon Ƙaramin Cocinta

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya a shafin labaran duniya game da garin Knock na ƙasar Ailan, inda mabiya ɗariƙar Katolika ke zuwa ziyarar ibada. Na ji daɗin ganin rahoton, domin ba kasafai jaridun Hausa ke waiwayar irin waɗannan wurare ba, kuma babu ƙarya a cikin abin da aka rubuta. Sai dai hoton da aka saka na katafaren cocin nan ne na zamani, bayanin kuma ya tsaya ga Fafaroma biyu da suka ziyarci wurin da filin jirgin saman da aka gina, alhali ƙaramin cocin garin, wanda a jikin bangonsa komai ya faro, bai samu ko layi ɗaya ba. Ni ɗan Katolika ne, na daɗe ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma Allah ya nufe ni da taka ƙafata a wannan gari sa'ad da na je ganin 'yata da ke aikin jinya a can ƙasar. Na san mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, don haka tun da wuri nake cewa ba na neman kowa ya gaskata abin da mutanen Knock suka ce sun gani, wato bayyanar Budurwa Maryamu a jikin bangon cocin a 1879. Ko mu 'yan Katolika, Ikilisiya, wato hukumar cocinmu, ba ta wajabta mana gaskata irin wannan wahayi ba. Abin da nake so shi ne a ba da labarin daga tushensa, a kuma ba talakawan da suka kafa shi haƙƙinsu.

Knock, wanda ake furtawa Nok ba tare da harafin farko ba, ƙauye ne a gundumar Mayo da ke yammacin Ailan, tsakanin garuruwan Claremorris da Ballyhaunis. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin tudu a harshen mutanen ƙasar na asali, kuma a wannan harshe yau ana kiran garin Cnoc Mhuire, wato Tudun Maryamu. Har yanzu mazaunansa ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba, ga shi kuwa baƙin da ke zuwa a shekara sukan haura miliyan.

An gina cocin garin a shekarar 1828, aka sa masa sunan Yohanna Mai Baftisma, a zamanin wani limamin coci mai suna Fada Patrick O'Grady. Wannan shekara tana da ma'ana ga wanda ya san tarihin ƙasar. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 gwamnatin Ingila ta ɗora wa 'yan Katolikan Ailan dokoki masu tsanani, waɗanda suka takura musu wajen mallakar ƙasa da neman ilimi da riƙe muƙami, har ta kai a wasu lokuta ana yin sujada a ɓoye a kan duwatsu a bayan gari. An yi ta sassauta dokokin sannu a hankali, amma sai a 1829, bayan gwagwarmayar Daniel O'Connell wanda ya ci zaɓe a gundumar Clare a 1828, aka bai wa 'yan Katolika damar zama a majalisar dokokin Birtaniya. Ke nan mutanen Knock sun ɗaga ginin dutse ne shekara guda kafin a gama kwance musu wannan dabaibayi, a lokacin da yawancinsu ke kwana a ɗakunan jinka, suna noma gonakin da ba nasu ba. A jikin bangon cocin an kafa wani dutse mai rubutu, ɗauke da shekarar ginin da sunan limamin da ayoyi biyu na Littafi Mai Tsarki. Ɗaya tana cewa za a kira gidana gidan addu'a domin dukkan al'ummai, ɗayar kuma daga Zabura tana cewa wannan ita ce ƙofar Ubangiji, masu adalci za su shiga ta cikinta. Na daɗe a tsaye ina duban wannan rubutu, ina tunanin limamin da ya zaɓi ayar dukkan al'ummai don cocin ƙauyen da ko mutanen Dublin ba su san da zamansa ba.

Shekara goma sha bakwai bayan haka aka shiga Babbar Yunwa. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin turawa, wanda shi ne kusan abincin talaka kaɗai, kuma kafin masifar ta lafa mutum kimanin miliyan ɗaya sun mutu a faɗin ƙasar, fiye da miliyan ɗaya kuma sun tsallaka teku. Mayo na cikin gundumomin da abin ya fi yi wa ɓarna, domin ƙidayar 1841 ta nuna tana da mutum kusan 389,000, amma a 1851 sun koma kimanin 274,000. Fada Bartholomew Cavanagh, wanda aka tura Knock a 1867 ya kuma zauna har rasuwarsa a 1897, ya fara aikinsa ne a garin Westport a tsakiyar wannan yunwa, saboda haka ya san yadda take kama gida. A 1879 sai damina ta sake ɓaci, ruwa ya yi yawa, dankali ya sake ruɓewa, tsofaffin da suka sha da ƙyar a karon farko suka ga alamun da suka sani. Manoma sun kasa biyan kuɗin hayar gona, masu filaye kuma suna korar su daga gidajensu. A ranar 20 ga Afrilu na wannan shekara dubban manoma suka yi gangami a Irishtown, ba nisa da Knock, kuma a ranar 16 ga Agusta Michael Davitt, wanda shi ma ɗan Mayo ne da aka kori iyayensa daga gona yana yaro, ya jagoranci kafa ƙungiyar manoman gundumar a Castlebar. Fada Cavanagh bai goyi bayan masu zafin ra'ayi a cikin wannan gwagwarmaya ba, ya yi wa'azi a kansu, har aka yi taron nuna masa rashin amincewa a cikin garin nasa. Na kawo wannan ne don a san cewa ba a zaman lafiya da wadata abin ya zo ba, kuma tsakanin limamin da wasu daga cikin jama'arsa akwai tsamin dangantaka.

Kwana biyar bayan taron Castlebar, ranar Alhamis 21 ga Agusta 1879, an wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da yamma Mary McLoughlin, mai kula da gidan limamin, mace mai shekara 45, ta wuce ta bayan cocin za ta gidan ƙawayenta, ta hangi wasu siffofi a jikin bangon da ke fuskantar kudu, sai ta ɗauka gumaka ne sababbi da limamin ya sayo aka bar su a waje ruwa na dukansu. Da za ta koma gida wajen ƙarfe takwas, Mary Byrne, 'yar gidan da ta ziyarta, mai shekara 29, ta taka mata. Ita ce ta lura cewa siffofin suna motsi, ba kuma a ƙasa suke tsaye ba, ta ruga ta kira 'yan gidansu, aka kira maƙwabta. Abin da suka faɗa daga baya shi ne sun ga Budurwa Maryamu cikin fararen tufafi, da kambi a kanta, ta ɗaga hannuwa da idanu sama kamar mai addu'a. A damanta Yusufu mijinta ya ɗan sunkuyar da kai wajenta. A hagunta wani da suka ɗauka Yohanna Mai Bishara ne, da buɗaɗɗen littafi a hannun hagu, ya ɗaga na dama kamar mai wa'azi. Can gefe kuma bagade, wato teburin hadaya na coci, a bisansa Ɗan Rago, alamar Almasihu, da gicciye, haske ya lulluɓe bangon gaba ɗaya.

Mutum goma sha biyar ne aka rubuta shaidarsu, kuma ina ganin ya dace a san ko su wane ne, domin babu sarki ko attajiri ko masani a cikinsu. Ƙaraminsu John Curry ne, yaro ɗan shekara 5, wanda sai da wani yaron, Patrick Hill mai shekara 11, ya ɗaga shi bisa katanga kafin ya iya gani. Babbarsu Bridget Trench ce, tsohuwa mai shekara 74, wadda ta ba da shaidarta da harshen ƙasar na asali aka fassara; ta ce ta matsa don ta sumbaci ƙafafun Maryamu, hannunta bai kama komai ba sai bango, ta kuma shafa ƙasar wurin ta ji ta a bushe duk da ruwan da iska ke kaɗowa ta wannan ɓangare. Akwai kuma Patrick Walsh, manomi ɗan shekara 65, wanda bai zo wurin ba ma, daga gonarsa mai nisan kusan rabin mil ya hangi wani babban haske a kan cocin, sai washegari ya ji labari. Sun tsaya kusan awa biyu a cikin ruwan suna addu'ar Rosari, wato addu'ar carbi ta 'yan Katolika, tufafinsu sun jiƙe sharkaf. Mary McLoughlin ta je ta faɗa wa Fada Cavanagh, bai ɗauki maganar da muhimmanci ba, bai fito ba, kuma ya yi ta nadamar haka daga baya. Yadda daren ya ƙare shi ne ya fi taɓa ni a cikin labarin duka. Akwai wata tsohuwa marar lafiya a kusa, mahaifiyar ɗaya daga cikin shaidun, wadda aka tarar ta faɗi a ƙofar ɗakinta, sai mutanen suka bar abin da suke kallo suka tafi taimakonta, da suka dawo babu komai sai duhu da ruwa. Mutanen da suka yi imani cewa uwar Almasihu ce a gabansu sun juya mata baya don su ɗaga maƙwabciyarsu daga ƙasa, kuma ban taɓa jin wani malamin addini ya ce sun yi kuskure ba.

Wani abin da ya bambanta Knock da sauran wurare irinsa shi ne ba a ce komai ba. A Lourdes ta Faransa a 1858, da Fatima ta Fotugal a 1917, yaran da suka ce sun ga Maryamu sun zo da saƙonni na baki. A Knock kuwa babu kalma ɗaya, babu gargaɗi, babu umarnin a gina wani abu, ba a kuma sake ganin abin ba ga waɗannan shaidu. Masana sun yi ta fassara wannan shiru, har wasu suka danganta shi da cewa a lokacin yankin yana tsakanin harsuna biyu, tsofaffi na magana da harshen gado, yara na koyon Turanci a makaranta don shirin ƙaura. Ni dai abin da na fahimta shi ne, wanda ya je gaisuwar mutuwa ya san akwai gidan da ba ya buƙatar dogon jawabi, zaman da ka yi tare da su shi ne gaisuwar, kuma haka mutanen Knock suka karɓi abin a shekarar da suke tsoron yunwa ta dawo.

Ba a rasa masu shakka ba, kuma bai kamata a ɓoye hujjojinsu ba. A ranar 8 ga Oktoba 1879 Babban Bishop na Tuam, John MacHale, wanda Knock ke ƙarƙashin yankinsa, ya kafa kwamitin limamai don ya saurari shaidun, kwamitin kuma ya ce shaidar tasu, idan aka haɗa ta gaba ɗaya, abin dogaro ce mai gamsarwa. Amma Fada Cavanagh da kansa yana cikin kwamitin, wanda hakan rauni ne a idon duk mai bincike, kuma MacHale, wanda ya tsufa ƙwarai, ya rasu a 1881 bai yanke hukunci a hukumance ba. Babban zargin da aka yi shi ne wani ne ya haska hotuna a bangon da majigi, wanda a wancan zamani ake yawo da shi ƙauyuka. An kawo wani limami masanin kimiyya daga kwalejin Maynooth, Fada Francis Lennon, ya gwada majigin a wurin, bai ga yadda za a yi hakan ba tare da an ga na'urar ko inuwar mutanen da ke kai-komo a gaban bangon ba. Duk da haka har yau akwai masu riƙe da zargin. A nawa ra'ayin, abin da ya fi nauyi shi ne rayuwar shaidun bayan haka, domin babu wanda ya yi arziki da labarin, babu kuma wanda ya janye maganarsa.

Kwana goma bayan wannan dare, wata mata daga Claremorris ta kawo 'yarta Delia Gordon, mai shekara 12, wadda ke fama da ciwon kunne da rashin ji, ta ɓanɓaro ɗan yaɓen bangon ta sa mata a kunne, aka ce ta warke. Da jaridu suka fara buga labarin a watan Janairu 1880, sai jama'a suka yi ta kwararowa, wasu a jirgin ƙasa zuwa Claremorris ko Ballyhaunis su ƙarasa a ƙafa, wasu a keken doki, kuma a watan Maris wata babbar tawaga ta zo daga birnin Limerick. Kowa na son ya koma gida da ɗan yaɓe, ana jiƙa shi a ruwa a sha ko a shafa, ana aika shi cikin wasiƙa ga 'yan uwa a Amurka da Ostireliya, har aka cinye yaɓen aka fara zare duwatsu, sai da aka rufe bangon da katako don kada ya rushe. Guragu da suka ce sun samu sauƙi suka riƙa barin sandunansu a jingine a wurin. Fada Cavanagh ya buɗe littafi yana rubuta labarin waɗanda suka ce sun warke, ya tara ɗaruruwa. Ikilisiya ba ta tabbatar da waɗannan ba, kuma sai a watan Satumba 2019 ne Babban Bishop na Tuam ya amince a hukumance da warkarwa guda ɗaya, ta wata mata da aka kawo a kan gadon marasa lafiya a 1989 ta tashi da ƙafafunta. Wannan jinkiri na shekara talatin a kan lamari ɗaya ya nuna cewa hukumomin Ikilisiya ba su yi gaggawa da Knock ba.

Bayan 'yan shekaru zafin abin ya ragu, kuma bayan rasuwar Fada Cavanagh garin ya koma kusan yadda yake, sai mutanen yankin da ke zuwa a watan Agusta. Shugabannin Ikilisiya sun yi nesa-nesa da wurin har zuwa 1929, lokacin da Babban Bishop Thomas Gilmartin ya halarci bikin cika shekara hamsin. Waɗanda suka farfaɗo da ziyarar ba limamai ba ne. Wata mata mai suna Judy Coyne da mijinta Liam, wanda alƙali ne, su ne suka kafa ƙungiyar masu hidimar wurin a 1935, maza da mata 'yan sa-kai da ke tarbar baƙi da ɗaukar marasa lafiya, kuma ƙungiyar tana nan tana aiki. A 1936 aka kafa kwamiti na biyu don ya sake jin shaidun da suka rage a raye. Mary Byrne, wadda ta yi aure a garin ta haifi 'ya'ya ta tsufa a nan, tana da shekara 86 tana kwance ba lafiya sa'ad da aka rantsar da ita. Ta maimaita abin da ta faɗa tana budurwa, ta ƙara da cewa tana faɗar haka ne tana sane da cewa ta kusa tsayawa gaban Allahnta. Ta rasu a watan Oktoba na wannan shekara.

Sai a nan ne labarin da kuka buga ya shigo, kuma ba na rage masa daraja. Fada James Horan ya zo Knock a 1963, ya zama limamin garin a 1967, ya tarar da dubban mutane na tsayawa a fili cikin ruwa da sanyi saboda ƙaramin cocin ba ya ɗaukarsu. Shi ya gina babban cocin da aka buɗe a 1976, mai ɗaukar mutum 10,000, wanda aka kewaye da ginshiƙai 32, ɗaya daga kowace gunduma ta tsibirin Ailan. A ranar 30 ga Satumba 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo bikin cika shekara ɗari, ya ce nan ne maƙasudin tafiyarsa zuwa Ailan, mutum kimanin 450,000 suka taru, ya ɗaga darajar sabon cocin zuwa basilika, wato coci mai matsayi na musamman, ya kuma bar kyautar furen zinariya. Daga nan Fada Horan ya tashi haiƙan neman filin jirgin sama, ba don maziyarta kaɗai ba, har da 'ya'yan Mayo da ke ci-rani a Ingila da Amurka. An yi masa dariya cewa zai gina fili a kan tudu mai hazo da taɓo, kuma da gwamnati ta canza aka janye tallafin da aka fara bayarwa, sai ya shiga sayar da tikitin neman sa'a, ya zagaya Amurka da Ostireliya yana neman gudummawa, da tsufansa. A ranar 25 ga Oktoba 1985 jirage uku suka tashi daga filin zuwa Roma, aka buɗe shi a hukumance a ranar 30 ga Mayu 1986, shi kuma ya rasu a Lourdes a ranar 1 ga Agusta na wannan shekara, aka dawo da gawarsa ta filin da ya gina. Mutum ne da ya cancanci yabo, amma shi kansa limamin ƙaramin cocin nan ne kafin komai, magajin O'Grady da Cavanagh.

Ranar da na je an tashi da yayyafi, a cikin kwanakin addu'a tara da ake yi kowace shekara daga 14 zuwa 22 ga Agusta. A bakin titi akwai shaguna jere da ke sayar da carbi da kyandir da robobin ɗibar ruwa mai tsarki, kuma ba zan ɓoye ba, yawansu ya ɗan dame ni. Amma da na shiga harabar sai na ga mutane suna kewaya tsohon cocin a hankali, kowa da carbinsa, wasu su kaɗai, wasu iyali guda, suna addu'a ƙasa-ƙasa. Tun 1992 an gina ɗakin sujada mai bangon gilashi da ya rufe bangon kudu, a ciki an jera siffofin farin dutsen marmara da wani masassaƙi ɗan Italiya, Lorenzo Ferri, ya yi bisa bayanin shaidun. Daga waje kuma an kafa wani yanki na ainihin duwatsun tsohon bangon, a daidai inda hannu zai kai. A nan na ga wani dattijo ya turo matarsa a keken guragu, ya tsaya, ya ɗauki hannunta wanda ba ta iya ɗagawa, ya ɗora a kan dutsen, ya rufe da nasa hannun. Ba su ce komai ba, ruwa na sauka a kan hularsa, sun yi kamar minti biyu a haka, sannan ya gyara mata bargo suka wuce. Da na sa nawa hannun sai na ji dutsen ya yi sumul saboda yawan shafa.

Da na zagaya na shiga cocin ta ƙofar gaba, sai na tarar da wuri ɗan madaidaici, da kujerun katako da tagogi masu launi, babu wani abin ƙawa da zai sa baƙo ya buɗe baki. Abin da ya kamata a sani shi ne har yau cocin mutanen garin ne, a nan ake yi wa jariransu baftisma, a nan ake ɗaura aurensu, daga nan ake ɗaukar gawarsu zuwa makabarta, ko da baƙi ko babu. A lokacin sanyi, sa'ad da motocin maziyarta suka ɗauke ƙafa, su ne ke buɗe shi su share su kunna fitila. Basilikar tana da kyau, musamman babban hoton nan na gutsattsarin gilashi kimanin miliyan ɗaya da rabi da aka kafa a 2016, amma hoton da ke ciki ma na mutanen nan ne tsaye a cikin ruwa suna duban bangon ƙaramin cocin.

Ikilisiyar Katolika a Ailan ba ta da ƙarfin da take da shi a 1979. Masu zuwa sujada sun ragu, limamai sun yi ƙaranci, kuma babban dalili shi ne abin kunyar da aka bankaɗo na cin zarafin yara a hannun wasu limamai da cibiyoyin Ikilisiya, da yadda wasu shugabanni suka rufa asirin masu laifin. Sa'ad da Fafaroma Francis ya zo Knock a ranar 26 ga Agusta 2018, ya shiga ɗakin sujadar bangon ya zauna shiru yana addu'a, da ya fito kuma ya roƙi gafarar Allah a bainar jama'a a kan wannan zalunci. A ranar 19 ga Maris 2021 ya amince da Knock a matsayin wurin ziyarar ibada na ƙasa da ƙasa. A matsayina na ɗan wannan Ikilisiya, ina ganin ya yi daidai da ya yi wannan roƙo a nan, a garin da marasa ƙarfi, har da yara ƙanana, suka yi magana aka saurare su aka rubuta abin da suka ce.

Yaron nan John Curry bai zauna a Knock ba. Kamar dubban 'ya'yan Mayo, ya tafi ci-rani, ya yi aikin ƙarfi a Ingila da Amurka, bai yi aure ba, ya ƙare rayuwarsa a wani gidan tsofaffi da 'yan zuhudu ke kula da shi a New York. A can kwamitin bincike na biyu ya sa aka saurare shi a 1937, ya faɗi abin da ya iya tunawa daga kan katangar. Ya rasu a 1943, shi ne na ƙarshe a cikin goma sha biyar ɗin, aka binne shi a kabarin da ba shi da dutsen suna. Sai a watan Mayu 2017 aka tono ƙasusuwansa aka sake binne su a harabar tsohon babban cocin Saint Patrick da ke birnin, bisa jagorancin Kadinal Timothy Dolan, aka rubuta a kan dutsen cewa shi mai shaida ne na abin da ya faru a Knock.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan 21 ga Agusta ta zagayo kuka ga ya dace ku sake waiwayar wannan gari, ku nemi hoton tsohon cocin na 1828 ku saka, ku kuma ambaci Mary Byrne da Bridget Trench da John Curry kusa da sunayen Fafaroman da suka zo daga baya. Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin tarihi mai ritaya